Maki 47 da Abin da Ya Biyo Baya

Duk wanda ya yi digirin farko a Najeriya ya san maki 47 ba abin alfahari ba ne, amma dai ci ne. D ce, ka wuce ka manta da ita. A digiri na biyu babu D, babu E. Ma'aunin da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta shimfiɗa wa karatun gaba da digirin farko hawa huɗu ne kacal: daga 70 zuwa sama A ce mai nauyin 5, daga 60 zuwa 69 B mai nauyin 4, daga 50 zuwa 59 C mai nauyin 3, abin da ya gaza 50 kuwa F ce, sifiri. Mai 49 da wanda bai shiga ɗakin jarrabawar ba, a takarda duk ɗaya ne.

Ni ma'aikacin gwamnatin jiha ne a fannin gona. A 2021 na koma makaranta neman digiri na biyu a tattalin arzikin noma, a wata jami'ar gwamnatin tarayya da ke Arewa, bayan na daɗe da gama digirin farko har na yi iyali. Shigar ba ta ba ni wata wahala ba. Ana neman kiredit biyar a WAEC ko NECO har da Turanci da lissafi, da digiri mai daraja ta biyu ko da ta ƙasa ce, wato tu-tu, da takardar bautar ƙasa ko ta afuwa, da wasiƙun waɗanda za su tsaya maka, sannan tsohuwar jami'arka ta aiko da cikakken sakamakonka kai tsaye, ba ta hannunka ba. Mai daraja ta uku sai ya fara bi ta difloma ta gaba da digiri tukuna. Ma'aikatarmu ta ba ni hutun ƙaro ilimi na shekara biyu da albashi, na sa hannu a kan cewa zan dawo in yi musu aiki.

Ranar rajista aka miƙa wa kowa wani ɗan littafi na dokokin Makarantar Karatun Gaba da Digiri. A ciki aka ce yunit 30 ake bukata kafin a ba mutum digiri (yunit shi ne ma'aunin nauyin kowane kwas): 24 na kwasa-kwasan aji, 6 na kundin bincike. Dole ɗalibi ya halarci kashi 75 cikin 100 na darussa kafin a bar shi ya zauna jarrabawa. Mai karatun cikakken lokaci ba zai gama ƙasa da zango huɗu ba (zango biyu ne shekarar karatu), ba kuma zai wuce shida ba. Sai wani layi guda wanda shi ne ƙashin bayan littafin baki ɗaya: ɗalibi yana kan turba ne kawai idan matsakaicin makinsa na jimla, CGPA, bai gaza 3.00 ba. Waɗannan dokokin jami'armu ne, kuma kowace jami'a na da 'yan bambance-bambancenta, amma gangar jikin iri ɗaya ce kusan ko'ina a ƙasar.

Ajinmu tarkacen manya ne. Akwai malaman kwalejojin ilimi da na aikin gona waɗanda ƙarin girmansu ya tsaya sai da takarda, akwai ma'aikatan banki, akwai irina 'yan ma'aikata, da wata baiwar Allah mai goyo wadda ƙanwarta ke zama da jaririn a ƙarƙashin darbejiya har a tashi daga aji. Hirarmu kullum a kan kundi take: wane batu za ka ɗauka, wa kake so ya duba maka aiki, wane farfesa ne ke riƙe babi wata uku bai buɗe ba. Kwasa-kwasan aji ana yi musu kallon share fage, abin da za a tsallake a kai ga aikin gaske. Wannan kallon shi ya fi komai cutar da mutane a digiri na biyu, don kashi huɗu cikin biyar na yunit ɗinka a aji suke, kuma a zango biyun farko ake yanke maka hukunci tun kafin ka rubuta layi ɗaya na bincike.

Kwas huɗu muka yi a zangon farko, kowanne yunit 3. Uku sun zo mini da sauƙi saboda sun shafi aikin da nake yi kullum. Na huɗun shi ne ƙididdigar tattalin arziki, inda ake ɗaukar bayanan gona a zuba su cikin lissafi a ga me ya jawo me. Malamin ya san aikinsa, amma gudu yake, kuma ya ɗauka kowa na tuna jeren lambobin da aka koya mana a aji biyu na jami'a. A wajenmu aikin aji da gwaje-gwaje suna ɗaukar maki 40, jarrabawar ƙarshe 60 (wasu jami'o'in 30 da 70 suke yi). Na shiga jarrabawa da 24 a hannu, na fito da 23.

Ba a rubuta suna a allon sanarwa, lambar rajista ake bi. Na bi layina da yatsa: B, B, C, F. Washegari na je ofishin kodinetan karatun gaba da digiri na sashenmu, wani dakta mai sanyin magana da fayiloli suka kusa binne teburinsa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, uku ne fa kawai suka rage."

Ya ce, "Malam, na gani. Amma sakamakon nan ya wuce kwamitin sashe, ya wuce na tsangaya. Ko malamin da ya ba da makin ba shi da ikon taɓa shi yanzu."

Ya faɗa mini akwai hanyar neman a sake duba takarda: ka rubuta ƙorafi, ka biya kuɗi, a aika da takardarka ga wani malami a waje. Amma wannan hanya ce ta wanda ya tabbata an zalunce shi, ni kuwa na san iya abin da na rubuta. Sake zama jarrabawa bayan mako biyu, irin wanda wasu ke tsammani, babu shi. Kwas ɗin da ka faɗi sai ka sake rajistarsa daga farko, ka zauna aji, ka yi gwaje-gwaje, kuma sai zangon da ake koyar da shi ya zagayo.

Sai ya jawo wata takarda ya juya bayanta, ya yi mini lissafin da ya fi duk wani darasi da na ji a zangon amfani. Kowane kwas ana ninka nauyin harafinsa da yunit ɗinsa. B biyu, 12 da 12. C, 9. F, sifiri. Jimla 33, a raba da yunit 12 da na yi rajista, ya ba da 2.75. Na faɗo ƙasa da 3.00, saboda haka wasiƙar gargaɗi na nan tafe. Idan shekarar karatu ta ƙare ban haura ba, za a rubuta mini in janye, kuma wannan ba shawara ba ce ko da yake da lafazin shawara ake rubuta ta.

Ya rubuta lamba biyu ya zagaye su. Ta farko 39. Yunit 24 sau 3.00 ya kama 72, ina da 33, saura 39 a zango na biyu, wato B ɗaya da C uku. Wannan ita ce lambar tsira da kujerata. Ta biyu 51. Ya tambaye ni ko ina da niyyar digirin digirgir nan gaba, na ce in Allah ya yarda. Ya ce to sashen ba ya duba takardar mai ƙasa da 3.50, kuma yunit 24 sau 3.50 ya kama 84, saura 51 ke nan, A ɗaya da B uku. "Ka zaɓi wadda za ka yi wa karatu," in ji shi.

A nan ne na fahimci abin da ke ɓoye cikin ma'aunin. C ci ce, amma daidai take da layin kora, ba ta da rarar ko ɗigo. Wanda ya jera C a kowane kwas bai taɓa faɗuwa ba, amma yana kan 3.00 cif, F guda ta ishe shi faɗawa rami ba tare da wani abin da zai tallabe shi ba. Ko bai faɗi kwas ko ɗaya ba har ƙarshe, zai karɓi digirinsa, amma ƙofar digiri na uku a rufe take gare shi, wasu jami'o'in ma 4.00 suke nema. Akwai abokin karatunmu, malami a wata kwaleji, da ya gama a haka. Sai bayan shekara ya gane cewa takardar da ya sha wuyar samu za ta ba shi mataki ɗaya a wurin aiki, ta tsaya nan. Ba na ganin laifin dokar, don digiri na biyu ba wurin lallaɓa ba ne. Inda nake ganin sakaci shi ne a ranar maraba da sababbin ɗalibai ana ɓata sa'o'i ana jawabai, ba wanda zai ɗauki alli ya yi wannan lissafi na minti biyar a allo.

Mun fara zango na biyu ke nan, ranar 14 ga Fabrairu 2022 malaman jami'o'i suka shiga yajin aiki, ba a janye ba sai 14 ga Oktoba. Wata takwas cur. Da aka dawo, tambayar da kowa ya fara kai wa ofishin kodineta ita ce ko watannin nan sun shiga cikin wa'adin zango shida. Ba su shiga ba, don jami'a zango take ƙirgawa, ba wata ba. Amma ma'aikatarmu kalanda take dubawa. Hutun shekara biyu da aka ba ni yana tafiya ko ana karatu ko ba a yi, kuma duk wani ma'aikaci a ajinmu haka ya tsinci kansa da wa'adi biyu waɗanda ba sa tafiya tare. Sai da na rubuta takardar neman ƙarin hutu, na haɗa da wasiƙar shaida daga sashe, ta bi daga darakta zuwa babban sakatare zuwa ofishin shugaban ma'aikata.

Yajin aikin dai ya yi mini rana ta wani gefen. Na samu wani ɗan ƙanwar mahaifiyata da ya karanta lissafi, yana zaman jiran aiki. Bayan sallar isha'i nake zuwa zaurensu da littafina, yana ce mini Yaya, yana kuma gyara mini kuskure ba sani ba sabo. Muka koma tun daga tushe. Hausawa sun ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma duk wanda ya bar lissafi shekara goma ya zo ya zauna a ajin ƙididdiga na digiri na biyu zai gane haka a makon farko.

Sakamakon zango na biyu ya fito a farkon 2023: A ɗaya, B uku. 51 ba ƙari ba ragi, kuma ɗaya daga cikin B ɗin da 61 ta tsallake. CGPA ya koma 3.50, aka cire ni daga jerin masu gargaɗi. A wannan allon dai akwai lambobin da aka rubuta wa janyewa a gabansu. Ɗaya ma'aikacin banki ne mai kaifin ƙwaƙwalwa wanda aiki ba ya barin sa zuwa aji, aka hana shi zama jarrabawa biyu saboda rashin cika kashi 75, duka biyun suka zama F. Da ya nemi ɗage karatu a rubuce tun kafin jarrabawa, da an ajiye masa gurbinsa, don dokar ta yarda da hakan idan akwai dalili. Bayan sakamako ya fito kuwa ba sauran magana.

Zango na uku na koma ajin ƙididdiga tare da sababbin ɗalibai. Ba abin da zan ce a kai illa na samu 64.

A zangon ne kuma aka naɗa mini masu duba aiki biyu, babba farfesa, ƙarami dakta. A sashenmu ana barin mai bashin kwas ya gabatar da tsarin bincikensa muddin yana kan turba, amma ba zai kare kundi a gaban masu jarrabawa ba sai ya biya bashin. Batuna shi ne ribar noman tumatir na rani a yankin da ruwan madatsar Tiga ke shayarwa, wato Kura da Garun Malam da Bunkure, da irin asarar da tsutsar nan da manoma ke kira sharon take jawowa. Tun ɓarnar da ta yi a 2016, lokacin da har jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, manoman yankin ba su daina fama da ita ba.

Taron gabatar da tsarin bincike buɗaɗɗe ne, duk malaman sashe da ɗalibai na iya shiga. An ba ni kusan kwata na awa, aka shafe abin da ya fi awa ana tambaya. Yawancin tambayoyin na gyaran manufa ne da rage buri, don na jera manufofi har bakwai aka ce in mayar da su huɗu. Amma wata malama da ke zaune can baya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ka rubuta za ka tambayi manomi kwando nawa ya samu. Kwandon Kura da na Bunkure nauyinsu ɗaya? Na farkon kaka da na ƙarshenta fa, cikarsu ɗaya?" Aka yi tsit. Farfesana bai ce uffan ba, ya dai rubuta wani abu a gefen takardarsa. Aka amince da tsarin bisa sharaɗin in gyara, kuma in nuna yadda zan mayar da kwando kilo.

Sai wa'adi na uku ya bayyana, wanda ba ya cikin littafin dokoki ko kaɗan: na tumatir. An amince da tsarina ne da damina, tumatirin rani kuwa sai daga Janairu zuwa Maris yake cika kasuwa. Ba dama in tattara bayanai kafin amincewa, don duk abin da ka tara kafin a sa hannu ba a lissafa shi. Haka na zauna ina rubuta babi na ɗaya zuwa na uku ina jiran sanyi ya shigo. Wannan jira ya cinye mini yawancin zango na huɗu. Duk mai bincike a kan amfanin gona ya kamata ya ajiye kalandar shukar kusa da kalandar jami'a tun ranar da ya zaɓi batu, in ba haka ba mako uku na jinkirin taro zai iya zama shekara.

A farkon 2024 na shiga gonaki. Kuɗin mota ya riga ya ninka tun bayan cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023, kuma babu wanda ke biya maka, daga albashi komai ke fita. Na sayi sikelin rataye na sa a jaka. A kasuwar Kwanar Gafan nakan isa da sassafe kafin a fara lodin manyan motocin kudu, in roƙi dillali ya bar ni in rataya kwando biyu ko uku. Da farko sun ɗauka ma'aikacin haraji ne, sai da wani dattijo a cikinsu ya ce, "Ku bar shi, ɗan makaranta ne, da furfurarsa." Daga ranar sunana ya koma ɗan makaranta. Maganar malamar nan ta tabbata: kwanduna ba ɗaya ba ne, kuma idan kaya ya yi yawa farashi ya faɗi, tozon da ake yi wa kwando ya fi na lokacin tsada tsayi nesa ba kusa ba. Manomi zai ce maka ya samu kwando ɗari a bana da ɗari a bara, alhali abin da ke ciki ya bambanta. Da na tafi da tambayata yadda na fara rubuta ta, da duk lissafin ribar ya tashi a banza.

A duk wannan lokaci akwai wasu ƙananan wajibai da ke tafiya a gefe, kuma su ma suna korar mutum. Kowace shekarar karatu sai ka sabunta rajista ka biya kuɗi ta Remita, ko da ba ka da kwas ko ɗaya, ko da kana gona. Wanda ya bar shekara ta wuce bai yi ba, ana ɗauka ya janye da kansa. Kowane zango akwai fom na rahoton ci gaba, kai ka cike rabi, mai duba aikinka ya cike rabi, ya faɗi ko ya gamsu. Mutane na raina wannan fom, amma shi ake buɗewa ranar da ka nemi ƙarin wa'adi. Idan fayil ɗinka babu shi, ba wanda zai iya tsaya maka a gaban kwamiti komai son da yake maka.

Zango na biyar ya tafi a rubutu da kai babi da karɓo babi. Farfesana da jan biro yake karatu, kuma ba ya son a aiko masa ta waya, sai an buga an kai. Daktan shi ya zauna da ni a gaban kwamfuta muka bi lissafin layi-layi. Wani lokaci gyaran ɗaya ya ci karo da na ɗayan. Abin da na koya shi ne kada ka ɗauki maganar wannan ka kai wa wancan. Ka nemi ranar da duk suna ofis, ka gaishe su, ka ajiye shafin a gabansu, ka koma gefe ka yi shiru har su daidaita.

Kafin kariyar cikin gida, wato kare kundi a gaban malaman jami'arka, sai an zuba kundin a manhajar Turnitin don duba satar rubutu. Iyakar kama da rubutun wasu da jami'armu ta yarda da ita kashi 25 ce. Manhajar ba ta san niyya ba, kama kawai take nunawa, har da sunayen hukumomi da ƙa'idojin lissafin da kowa ke rubutawa iri ɗaya. Babi na biyu, na bitar ayyukan magabata, nan ne take fi yin ja. Akwai masu zama a shagunan buga takardu na bakin jami'a da za su ce ka kawo su sauke maka makin, su musanya kalmomi har jimla ta daina ma'ana. Na ga kundin da aka yi wa haka, mai jarrabawa ya karanta sakin layi ɗaya da ƙarfi ya ce wa ɗalibin ya fassara masa. Ni dai rufe littattafan na yi, na sake rubuta babin da abin da na fahimta.

Kariyar cikin gida ta wuce da gyare-gyare masu yawa amma marasa nauyi. Daga nan sashe ya aika da sunan mai jarrabawa na waje, malami daga wata jami'a, Makarantar Gaba da Digiri ta amince, aka aika masa da kundin. Nan ma jira ne, don ba a gayyato shi saboda mutum ɗaya, sai an tara ɗalibai. Ina cikin zango na shida, na ƙarshe, kuma kodineta ya riga ya ce in rubuta takardar neman ƙarin zango in ajiye a aljihu ko da za a bukata. Ba a bukata ba, amma da kaɗan.

Ranar kariya shugaban sashe ne ya jagoranci zama. Ga mai jarrabawa na waje, ga na cikin gida, ga masu duba aikina biyu, ga wakilin Makarantar Gaba da Digiri da fom ɗinsa. Akwai al'adar ɗalibai su haɗa kuɗi a kawo abinci da lemo, abin da ba ya cikin kowace doka amma ba wanda ke son ya zama na farkon da zai ƙi. Mai jarrabawar dattijo ne, ya nannaɗe kusurwar shafuka da dama. Bai tambaye ni ma'anar komai ba. Ya buɗe jadawalin sakamako ya ɗora yatsa a kan lamba guda ya ce in faɗa masa da bakin da manomi zai gane me take nufi. Na ce tana nufin daga wani mataki, ƙarin feshin magani ba ya ƙara wa manomi riba, kuɗinsa kawai yake ci. Ya ce to me ya sa suke ci gaba da fesawa. Na ce don wanda ya ga gonar maƙwabcinsa ta ƙone cikin kwanaki ba lissafin riba yake yi ba, tsoro yake saya wa magani. Ya ce wannan jimlar ba ta cikin kundin, in sa ta. Da ya iso kan yadda na mayar da kwando kilo, ya karanta, ya gyaɗa kai, ya wuce.

Aka ce in fita. Hukuncin da kwamiti ke iya yankewa huɗu ne: ci ba gyara, wanda kusan ba a jin labarinsa, ci da ƙananan gyare-gyare da na cikin gida zai tabbatar, manyan gyare-gyare da sai kundin ya koma hannun na waje, ko faɗuwa. Da aka kira ni na shiga, shugaban sashe ya ce na ci da ƙananan gyare-gyare, kundin ya samu B, kuma ina da wata uku in miƙa gyararre. Farfesana ya miƙo mini hannu, karo na farko ke nan tun da na san shi.

Yunit 6 sau 4 ya ba da 24. Jimlar makina ta zama 120. Da a kan yunit 30 za a raba, da 4.00 ne. Amma kwas ɗin da ka faɗi ba a goge shi daga takarda, yunit ɗinsa na farko na nan a cikin abin rabawa, saboda haka 120 a kan 33 aka yi, ya ba da 3.64. Ya haura 3.50 ɗin da sashenmu ke nema, bai kai na jami'o'in da ke neman 4.00 ba. A ganina wannan ɓangaren dokar ya yi tsauri, don mutum ya riga ya biya da zango guda da kuɗi da zaman aji, amma haka take.

Wata ukun gyara shi ne inda wasu ke sakin jiki, a yi walima a ɗauki hoto da riga, kundi na ajiye a mota har wa'adi ya wuce a ce sai an sake zama. Na gama nawa da wuri, na cikin gida ya sa hannu, aka ɗinke kwafe-kwafe da bango mai kalar da tsangaya ta ƙayyade, aka bi masu sa hannu ɗaya bayan ɗaya, aka kai na laburare da na sashe da na Makarantar Gaba da Digiri har da kwafin kwamfuta. Bayan nan sakamako ya shiga zaman hukumar makarantar, daga can ya tafi majalisar dattawan jami'a. Kafin majalisar ta amince, ba ka da digiri, komai yawan masu kiran ka da shi.

Ofishinmu ma haka suka ce. Na koma aiki na kai musu takardar shaidar kare kundi, jami'in ma'aikata ya mayar mini da ita ya ce ba ta shiga fayil, sai mai ɗauke da amincewar majalisa. Da takardar sanarwar sakamako ta fito a 2025 na kai, aka buga mata hatimi aka sa a fayil, aka ce maganar mataki sai zagayen ƙarin girma na gaba. Takardar digirin ta asali sai bayan bikin yaye ɗalibai, kuma ba a sa ranarsa ba tukuna.